Gano gundumomin da suka haɗa iyaka a cikin jiha ɗaya

Aikin da ya jawo wannan rubutu ƙarami ne a ido. Ina da jadawalin alƙaluma na gundumomin wata jiha guda, kuma ina so in kwatanta adadin kowace gunduma da matsakaicin na waɗanda suka kewaye ta, domin in ga ko abin da nake bibiya ya taru a ɓangare ɗaya ne ko kuwa a warwatse yake. Kafin a kai ga wannan lissafi, dole a samu jerin da zai nuna cewa gunduma kaza ta haɗa iyaka da kaza da kaza. Mutum yana iya shimfiɗa taswira a gabansa ya rubuta jerin da hannu, kuma idan gundumomin uku ne kacal kamar na jihar Delaware ta Amurka, hakan ma ya fi sauri. Amma jihar Texas gundumomi 254 gare ta, wato akwai haɗin bibbiyu har 32,131 da za a iya yin tambaya a kansu, kuma babu idon da zai bi wannan adadi bai yi tsallake ba. Shi ya sa ake miƙa wa kwamfuta aikin.

Hanyar da kowa yake fara bi gajeriya ce. A harshen Python ana karanta fayil ɗin iyakoki da kunshin sarrafa taswira mai suna GeoPandas, a haɗa jadawalin da kansa ta umarnin sjoin, a ce masa ya fito da duk yankuna biyun da suka cika sharaɗin touches, wato waɗanda suka taɓa juna. A rumbun bayanai na PostGIS sunan umarnin ST_Touches, a harshen R kuma kunshin sf yana da st_touches. Sunayen sun bambanta, amma a mafi yawan lokuta injin lissafi ɗaya ne a ƙarƙashinsu, wanda ake kira GEOS. Ni ma hanyar na bi, cikin daƙiƙa guda jerin ya fito, na kuma kusa wucewa zuwa lissafin da ya kawo ni. Abin da ya tsayar da ni shi ne na ƙirga maƙwabtan kowace gunduma, sai na ga wata da ke tsakiyar jihar, wadda taswira ta nuna an kewaye ta ta kowace fuska, ta fito da maƙwabciya ɗaya tak. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na ajiye lissafin na koma in fahimci abin da kalmar taɓawa take nufi a wurin injin.

Ma'anar tana da tsauri fiye da yadda muke amfani da kalmar a magana. Ta samo asali ne daga wani tsari da ake kira DE-9IM, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 daga aikin Max Egenhofer da Eliseo Clementini da abokan aikinsu, daga baya kuma ya shiga ƙa'idojin ƙungiyar OGC da kusan duk manhajojin taswira suke bi. Tsarin ya raba kowace siffa kashi uku: cikinta, iyakarta, da wajenta. Idan aka gwama kashi ukun siffa ɗaya da ukun ɗayar, sai a samu gurabe tara, kuma kowace irin alaƙa tsakanin siffofi biyu ana bayyana ta da abin da ya faɗa a waɗannan gurabe. Ana cewa siffofi biyu sun taɓa juna ne kawai idan iyakokinsu sun haɗu alhali cikin ɗaya bai shiga cikin ɗayar ba ko kaɗan. Idan zanen wata gunduma ya hau kan na maƙwabciyarta da faɗin da bai kai na silin gashi ba, amsar ta zama a'a, domin cikinsu ya haɗu. Idan kuma an bar tsaga mai irin wannan siranta a tsakaninsu, amsar dai a'a ce, domin iyakokinsu ba su haɗu ba. Injin bai yi kuskure ba a duka biyun. Tambayar da na yi masa ita ya amsa.

To me ya sa za a samu hawa ko tsaga a tsakanin yankuna biyu da doka ta ba su iyaka ɗaya? Dalilin yana cikin yadda ake ajiye taswirar. Fayil irin na shapefile, wanda kamfanin Esri ya fitar a farkon shekarun 1990 kuma har yau da shi ake raba yawancin bayanan iyakoki, yana ajiye kowane yanki ne shi kaɗai a matsayin zobe na ɗigogi, kowane ɗigo da lambobin matsayinsa. Haka ma GeoJSON yake yi. Saboda haka iyakar da ke tsakanin gundumomi biyu sau biyu ake rubuta ta, sau ɗaya a zoben wannan, sau ɗaya a zoben waccan, kuma babu abin da ke cikin fayil ɗin da yake tilasta wa rubutun biyu su zama daidai. Idan daga tushe ɗaya aka fitar da su kuma ba a taɓa su ba, za su dace ɗigo da ɗigo. Amma da zarar wani ya zana ɓangare ɗaya da hannu, ko ya haɗa fayiloli daga ofisoshi biyu, ko ya rage yawan ɗigogin domin fayil ɗin ya yi sauƙi, sai layukan biyu su rabu. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yawan faruwa, domin umarnin simplify na kunshin Shapely na Python kowace siffa yake wa aski ita kaɗai, bai san tana da maƙwabciya ba, kuma zaɓin preserve_topology da ke cikinsa lafiyar siffar kanta yake karewa, ba iyakar da take rabawa da wata ba. Wanda yake son ya rage ɗigogi ba tare da ya yaga iyakoki ba, gara ya yi amfani da manhajar mapshaper, ko tsarin TopoJSON da Mike Bostock ya ƙirƙira, wanda yake ajiye layin da yankuna biyu suka yi tarayya a kansa sau ɗaya kawai. Fayil ɗin da na yi aiki da shi an riga an yi masa irin wancan askin kafin ya iso hannuna, kuma da na faɗaɗa taswirar sosai a manhajar duba taswira ta QGIS na ga tsagogin da idona.

Ko da fayil ɗin ba shi da aibi, akwai shawarar da babu manhajar da za ta yanke wa mutum, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin take. Yankuna biyu da suka haɗu a ɗigo ɗaya kawai, kusurwa da kusurwa, maƙwabta ne ko ba maƙwabta ba? Masu nazarin alƙaluman wuri sun aro sunayen 'ya'yan wasa biyu, hasumiya da sarauniya, daga wasan darar Turawa da ake kira chess domin su raba amsoshin biyu. A dokar hasumiya, wadda take tafiya gaba da gefe kawai, sai yankuna biyu sun raba layi mai tsawo kafin a kira su maƙwabta. A dokar sarauniya, wadda take iya tafiya a karkace, haɗuwa a ɗigo ɗaya ma ta wadatar. Kunshin libpysal na Python yana da Rook (hasumiya) da Queen (sarauniya) domin wannan, umarnin poly2nb na kunshin spdep da Roger Bivand yake kula da shi kuma dokar sarauniya yake bi idan ba a ce masa komai ba. Shi ma touches dokar sarauniya ce a ɓoye, tunda ɗigo ɗaya ya ishe shi. Mai son dokar hasumiya tsantsa yana iya rubuta sharaɗin da kansa ta st_relate ko ST_Relate da tsarin F***1****, wanda fassararsa ita ce cikin siffofin bai haɗu ba, mahaɗar iyakokinsu kuma layi ce.

Misalin da aka fi sani shi ne wurin da jihohin Arizona da Utah da Colorado da New Mexico suka haɗu a ɗigo ɗaya, amma wanda ya fi dacewa da batunmu yana cikin jiha ɗaya ne. A tsakiyar tafkin Okeechobee na jihar Florida, gundumomi biyar suka haɗu a wuri guda: Glades, Okeechobee, Martin, Palm Beach da Hendry. A dokar sarauniya kowace ɗaya daga cikinsu maƙwabciyar sauran huɗun ce, ko da kuwa wasu daga cikinsu ba su da mahaɗa sai wannan ɗigo na cikin ruwa. Wannan bambanci tsoho ne a ilimin lissafi. A 1852 Francis Guthrie yana shafa wa taswirar gundumomin Ingila launi sai ya lura cewa launi huɗu sun isa a raba kowace taswira ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba, kuma ba a tabbatar da hakan ba sai a 1976, lokacin da Kenneth Appel da Wolfgang Haken suka yi shi da taimakon kwamfuta. Maganar tasu gaskiya ce kawai idan ba a ɗauki haɗuwar ɗigo a matsayin maƙwabtaka ba, domin idan aka ɗauka, gundumomin nan biyar na Florida launi biyar za su buƙata. Wato shawarar da mai rubuta umarni yake yankewa cikin kalma ɗaya, ita ce wadda ta raba ingantacciyar ƙa'idar lissafi da wadda ba ta inganta ba.

Wace doka ce daidai ya dogara da abin da ake nema. Idan tambayar ta shafi abin da ke ratsa iyaka da ƙafa ko da mota, kamar yaɗuwar cuta ko zirga-zirgar ma'aikata, ina ganin dokar hasumiya ta fi kusa da gaskiya, domin ɗigo ba shi da faɗin da wani abu zai bi ta kansa. Idan kuma kusanci ne kawai ake aunawa, bisa maganar nan da Waldo Tobler ya yi a 1970 cewa komai yana da alaƙa da komai amma abubuwan da ke kusa sun fi alaƙa da juna, to dokar sarauniya ba ta da laifi. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar manhaja ta zaɓa wa mutum alhali bai san an yi zaɓi ba, musamman da yake ma'auni irin na Moran mai auna kamannin alƙaluman maƙwabta, wanda Patrick Moran ya gabatar a 1950, kacokan a kan jerin maƙwabtan yake tsaye, kuma idan jerin ya canza sakamakon ma yana canzawa.

Ruwa yana da nasa rikicin. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana fitar da iyakoki iri biyu: fayilolin TIGER/Line masu bin iyakar doka har cikin teku da tafki, da kuma fayilolin zanen taswira waɗanda aka yanke a bakin gaɓa domin su yi kyau a ido. Gundumomi biyu da ruwa ya raba suna iya fitowa maƙwabta a na farko, su ƙi fitowa a na biyu, alhali umarnin ɗaya ne. A jihar Hawaii mai gundumomi biyar, Maui da Kalawao ne kaɗai suka haɗa iyaka a kan tudu, a tsibirin Molokai, sauran kuwa teku ce tsakaninsu. Irin waɗannan yankuna da suka fito babu maƙwabci suna karya lissafin matsakaici, tunda babu abin da za a raba, don haka dole mutum ya zaɓa: ko ya haɗa su da mafi kusa da su, ko ya ƙara alaƙar da hannu bisa hanyar jirgin ruwa ko gada, ko ya cire su ya kuma faɗi cewa ya cire su. Akasin wannan ma yana nan. A jihar Virginia akwai birane masu cin gashin kansu da ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, kuma wasu daga cikinsu, kamar Charlottesville da gundumar Albemarle ta zagaye, maƙwabciya ɗaya ce da su da gaske. Ganin ɗaya a jerin ba kullum ne alamar kuskure ba, sai an duba taswira ake sanin wanne ne.

Sai kuma kalmomin nan na "a cikin jiha ɗaya", waɗanda na ɗauka su ne mafi sauƙi a aikin. Abu na farko shi ne da me za a tace jihar, kuma amsata ita ce da lambar shaida, ba da suna ba. Sunayen yankuna suna maimaituwa ƙwarai. A Amurka kimanin jihohi 30 ne suke da gundumar da ake kira Washington. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai Surulere a Legas da Oyo, akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, akwai Bassa a Kogi da Filato. Ko a cikin jiha ɗaya ba a tsira ba, domin Maryland tana da birnin Baltimore da gundumar Baltimore, kowanne da matsayinsa. Wanda ya haɗa jadawalin alƙaluma da na iyakoki ta hanyar suna zai wayi gari da yanki mai maƙwabta a wata jihar da ke nesa. Lambobin FIPS na Amurka sun warware wannan, biyun farko na jiha, ukun ƙarshe na gunduma, haka ma lambobin wuri da ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya yake sanya wa iyakokin ƙasashe da dama. Sai dai a karanta su a matsayin rubutu, domin lambar gundumar Autauga ta Alabama 01001 ce, kuma idan pandas, manhajar jadawali ta Python, ta ɗauke ta adadi sai sifirin farko ya faɗi ta koma 1001, haɗin jadawalin ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba. A kuma tabbatar shekarar iyakokin ta dace da shekarar alƙaluman, tunda yankuna suna canzawa. A 2022 hukumar ƙidaya ta amince Connecticut ta maye gurbin gundumominta 8 da yankunan tsare-tsare 9.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne yaushe za a tace. Idan aka yanke jihar tun farko sannan aka nemi maƙwabta, gundumomin da ke bakin iyakar jihar za su rasa duk maƙwabtansu na ƙetare, sai matsakaicinsu ya dogara da yankuna biyu ko uku alhali na tsakiya suna da biyar ko shida. Idan tambayar ta mulki ce, misali waɗanne gundumomi ne za a iya haɗawa a mazaɓa ɗaya, to yankewar daidai ce, domin doka ba ta barin mazaɓa ta tsallaka jiha. Amma ambaliya da cuta da farashi ba su san inda jiha ta ƙare ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in nemi maƙwabta a kan taswirar ƙasar baki ɗaya, sannan in riƙe duk haɗin da aƙalla ɗaya daga cikin yankunansa biyu yake cikin jihar da nake so, in kuma ƙara gurbi mai nuna ko maƙwabciyar ta ciki ce ko ta waje. Tacewa daga baya layi ɗaya ne, kuma ina samun jeri biyun a lokaci guda. Nauyin aikin bai kamata ya tsorata kowa ba: gundumomin Amurka sun haura 3,000, haɗin bibbiyunsu ya kusa miliyan biyar, amma sjoin yana amfani da fihirisar wuri daga dangin R-tree, wadda Antonin Guttman ya bayyana a 1984, kuma ita tana fara zubar da duk siffofin da akwatunan da suka kewaye su ba su ma kusanci juna ba.

Hanyar da na tsaya a kanta ta fi touches tsawo kaɗan. Ina fara gyara siffofin da suka harɗe da kansu ta make_valid, sannan in mayar da taswirar zuwa tsarin da ake aunawa da mita. Wannan mataki ba na ado ba ne. Yawancin fayiloli a tsarin EPSG:4326 suke zuwa, inda ma'aunin digiri ne, kuma digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, daga gabas zuwa yamma kuma yana raguwa yayin da ake nesa da tsakiyar duniya. Wanda ya ce a kumbura siffa da ɗaya yana nufin mita ɗaya, ya kumbura ta da fiye da kilomita ɗari. GeoPandas tana da estimate_utm_crs mai zaɓo shiyyar da ta dace a tsarin UTM da ake aunawa da mita, kuma ya isa ga jihar da faɗinta bai wuce kima ba. Bayan haka ina kumbura kowace gunduma da 'yan mitoci, gwargwadon faɗin tsagogin da na gani da idona, in nemi waɗanda suka haɗu ta sharaɗin intersects, in cire haɗin kowace gunduma da kanta. Daga nan, ga kowane haɗi, ina auna tsawon iyakar gunduma ta farko da ya faɗa cikin kumburarriyar ta biyu.

Wannan tsawon shi ne abin da ya fi yi mini amfani a duk aikin, domin ya mayar da amsar e ko a'a zuwa adadin da za a iya jerawa. Yankuna biyu da suka haɗu kusurwa da kusurwa suna ba da tsawon da bai wuce kimanin ninki biyu na kumburin ba, maƙwabtan gaske kuwa suna ba da kilomitoci. Idan na jera haɗe-haɗen daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, waɗanda ake shakka a kansu duk suna taruwa a saman jadawalin, kuma yawanci ba su da yawa, don haka ina buɗe kowanne a taswira in yanke hukunci a kansa. Tsawon yana kuma ba da damar a ba maƙwabciyar da ta raba iyaka mai tsawo nauyi fiye da wadda ta raba 'yar guntuwa. Shi kansa poly2nb yana da zaɓin snap mai yafe ƙaramar tazara, libpysal kuma tana da fuzzy_contiguity, duka biyun suna aiki, sai dai ba sa nuna wa mutum waɗanne haɗe-haɗe ne suka tsallake da ƙyar.

Kafin in amince da jerin, akwai gwaje-gwajen da ba na tsallakewa. Idan gunduma ta farko maƙwabciyar ta biyu ce, dole ta biyun ma ta zama maƙwabciyar ta farko, kuma tun da kumburi yana iya karya wannan daidaito, ina duba shi kai tsaye. Ina zuba jerin a NetworkX, kunshin Python mai nazarin haɗe-haɗe, in tambaya ko jihar ta fito dunƙule ɗaya, domin idan ta rabu biyu alhali ba ta da tsibiri, akwai tsagar da kumburin bai rufe ba. Sannan akwai iyakar da ta fito daga lissafin Leonhard Euler: idan kowane yanki dunƙule yake kuma dokar hasumiya ake bi, yawan haɗe-haɗen ba zai wuce ninki uku na yawan yankunan a cire shida ba, wanda ke nufin matsakaicin maƙwabta kullum ƙasa da shida yake. Ga gundumomi 254 na Texas, wannan ya ba da 756 daga cikin 32,131 ɗin nan na farko. Idan matsakaicina ya kai bakwai ko takwas, na san kumburin ya yi yawa har ya haɗa waɗanda ba su haɗu ba. Daga ƙarshe ina zana layi daga tsakiyar kowace gunduma zuwa tsakiyar kowace maƙwabciyarta a kan taswirar, domin gani ya kori ji, kuma layin da ya ɓace ko ya yi tsalle ya fi saurin bayyana a zane fiye da a jadawali.

A aikina, gundumar tsakiyar nan da ta fito da maƙwabciya ɗaya ta dawo da sauran maƙwabtanta bayan kumburin, haɗe-haɗen kusurwa kuma na cire su saboda abin da nake bibiya ta hanyoyin mota yake tafiya. A saman fayil ɗin da na ajiye na rubuta tushen iyakokin da shekararsu, da tsarin awon da na yi amfani da shi, da yawan mitocin kumburin, da mafi ƙarancin tsawon da na karɓa a matsayin iyaka, da sunayen haɗe-haɗen da na cire da hannu tare da dalilin cire kowanne.